Yadda ake kai ƙarar malamin makaranta ba tare da an cuci yaro ba

Yaro ya dawo gida da shatin bulala a gadon baya, ko malami ya yi makonni bai leƙa aji ba, ko ana karɓar wani kuɗi babu rasit. Abin da zuciya ke fara raya wa uba shi ne ya zura takalmi ya nufi makaranta. Wanda ya je a fusace kuwa, shi ake mayarwa mai laifi, maganar yaron ta bi ruwa.

Da farko a saurari yaron. A bar shi ya ci abinci ya huce, sannan a ce: "Gaya mini yadda aka yi tun daga farko." Kada a sa masa magana a baki da tambaya irin "Malam ne ya dake ka, ko?", domin yaro yakan amsa abin da ya ga ana son ji. A rubuta rana, lokaci, sunan malamin da na yaran da aka yi a gabansu. In akwai rauni, a ɗauki hotonsa da waya a ranar, a kai shi asibiti, a adana katin. Shatin bulala ba ya daɗewa, ranar da za a zauna kuma sai a ce ina shaida.

Na biyu, a auna girman abin. Idan taɓa jikin yarinya ko yaro ne ta hanyar lalata, ko dukan da ya fasa ido ko ya karya ƙashi, wannan ya wuce ofishin hedimasta. Asibiti za a fara zuwa, sannan wurin 'yan sanda. A Kano akwai cibiyar Waraka a asibitin Murtala, a Kaduna akwai cibiyoyin Salama, duk don waɗanda aka ci wa zarafi ta lalata aka buɗe su. Dattawa za su zo da batun sulhu da rufin asiri, kuma da wuya a iya kallon idonsu a ce a'a. Sai dai malamin da aka rufa wa asiri gobe ma aji zai shiga, da 'ya'yan wasu a gabansa.

In abin bai kai nan ba, sai a ga malamin da kansa, lokacin tara ko bayan an tashi, ba a gaban ɗalibai ba. A gaisa sosai, sannan a ce: "Malam, ga abin da yaro ya zo mini da shi, na ce bari in ji daga bakinka." Sau da yawa a nan maganar ke mutuwa. Malamin da ke fama da aji cike maƙil yana iya yin kuskure, yaro ma yakan rage nasa laifin in yana ba da labari.

Idan malamin ya ƙi saurare, ko ya maimaita, sai a je wa hedimasta ko firinsifal, amma da takarda a hannu. Shafi ɗaya ya isa: sunan yaro da ajinsa, abin da ya faru, ranar da ya faru, matakin da aka riga aka ɗauka, da abin da ake nema. Wannan na ƙarshen shi mutane suka fi mantawa. A faɗa a fili, canjin aji ake so, ko a mayar da kuɗi, ko a ja wa malamin kunne. Ban da zagi, ban da "an ce". A yi kwafi biyu, a sa wanda ya karɓa ya sa hannu da kwanan wata a kan naka, a kuma tambayi ranar da za a dawo jin amsa.

Shiru ya yi yawa? A sanar da shugaban PTA, wato ƙungiyar iyaye da malamai, ko kwamitin SBMC a makarantun gwamnati, wanda iyaye da masu faɗa a ji na unguwa ke ciki. Daga nan, firamaren gwamnati tana ƙarƙashin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, wato ES, sama da shi kuma SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha. Babbar sakandare sai ofishin shiyya ko ma'aikatar ilimi ta jiha. Makarantar kuɗi kuwa a fara da mai makarantar, in ya kare malaminsa a tafi hukumar jiha da ta ba shi izinin buɗewa. Akwai kuma TRCN, hukumar rajistar malamai da aka kafa da dokar 1993, wadda ke da ikon bincikar malami har ta soke sunansa daga rajista. In ofisoshin gwamnati ne suka yi ta wasa da takardarka, Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a tana da ofis a kowace jiha, kuma ba a biyan ko sisi. A kowane mataki a haɗa kwafin takardar baya.

Ɗora hoton malami a Facebook ko zauren WhatsApp na iyaye kafin a yi bincike, ni dai ban ga ribarsa ba. Yana iya jawo ƙarar ɓata suna, ga yaron ya zama abin nuni a makaranta.

Bayan an gama, a sa ido makonnin da ke biye. A riƙa duba littattafansa da makin jarrabawarsa, a tambaye shi yadda malamin ke yi da shi. In an ga alamar ramuwar gayya, a koma wurin hedimasta da sabuwar takarda, a nemi a sauya masa aji.