Yadda Ake Kula da Ford Mustang a Zafi da Ƙurar Arewa

Motocin tsere na Amurka sun fara yawa a titunan Abuja, Kano da Kaduna, kuma Ford Mustang na cikin waɗanda ake gani, musamman ƙirar 2015 zuwa 2023. Akasarinsu tokumbo ne, wasu ma daga gwanjon motocin da suka yi hatsari aka kwaso su. Inji uku aka fi samu a wannan ƙirar: mai silinda takwas na lita 5.0 da ke cikin GT, da ƙaramin EcoBoost na lita 2.3 mai turbo, sai mai silinda shida na lita 3.7 wanda aka daina sa shi bayan 2017. Abubuwa huɗu ne ke kwantar da irin wannan mota a wajenmu: zafin bazara, ƙurar hunturu, gurɓataccen fetur, da makanikin da ke gyara da kintace. Na ƙarshen ya fi sauran ukun ɓarna.

Ranar da motar ta shigo hannunka, kafin ka fara zaga gari da ita, ka kwafi lambar VIN mai harafi da lamba 17 da ke ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, ka biya a duba maka tarihinta a Carfax ko makamancinsa. Abin da kake nema shi ne ko ambaliya ta taɓa cin ta. Ka ɗaga kafet ɗin ƙasa ka shinshina, ka haska tocila a ƙarƙashin kujera ka duba ƙarafan da kujerar ke gudu a kansu. Tsatsa a wurin, ko busasshen taɓo a cikin akwatin fis, alama ce ta motar da wayoyinta za su riƙa ba ka ciwon kai har ka rabu da ita. Daga nan ka ɗauka cewa duk wani ruwa da ke cikinta ya tsufa, ka canza bakin mai, man birki da ruwan lagireto gaba ɗaya, ka rubuta kwanan wata da lambar da mita ta nuna.

Batun bakin mai shi ne inda ake yawan taƙaddama a gareji. Da zarar ka kai mota za ka ji an ce, “Alhaji, ƙasarmu da zafi, mai kauri za a zuba,” sai a ɗauko 20W-50. Kada ka yarda. Waɗannan injina suna da na'urar da ke sauya lokacin buɗewar bawul, kuma da matsin bakin mai take aiki, ta wasu 'yan ƙananan hanyoyi da mai kauri ba ya saurin ratsawa, musamman da sassafe. Ka duba murfin da ake zuba man, an rubuta lambar da injin ke so a kansa: yawanci 5W-20 ko 5W-30, kuma na sintetik. Sannan ka san yawan da take sha. GT ta 2015 zuwa 2017 tana ɗaukar kusan lita 7.6, ta 2018 zuwa sama kuwa kusan lita 9.5. Yaron da ya saba da Corolla zai juye galan ɗaya ya ƙara ɗan kaɗan ya rufe, ya ce an gama. Ka tsaya a wurin, a kashe inji, a jira minti goma a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, a zaro sandar awo a goge a mayar a sake zarowa a gaban idonka. A yanayinmu mai ƙura kada man ya wuce wata shida ko mil 5,000. Ka tuna mitar motar Amurka da mil take ƙirga, wato wajen kilomita 8,000 ke nan.

Filtar iska ba ta da wani dogon bayani. Daga Disamba zuwa Fabrairu ka buɗe ta duk wata, ka ɗaga ta saitin rana. In haske bai ratsa ba, ka sayi sabuwa. Busa ta da iskar mai faci yana yaga takardar, ƙura ta samu ƙofa.

Sai sanyaya inji, wanda a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, shi ne ran motar. Ruwan lagireto rabi sinadari ne rabi tsaftataccen ruwan da ba shi da gishiri, kuma launin da ka tarar a ciki shi za ka ci gaba da zubawa, ba a gauraya iri biyu. Ruwan rijiya ko na leda yana barin ƙasa-ƙasa a cikin bututu. In an ce maka a cire tamostat don mota ta daina zafi, ka nemi wani garejin. Cire shi yana sa injin ya kasa kaiwa zafin da aka tsara masa, kwamfutar motar ta riƙa zuba fetur fiye da kima, ainihin matsalar kuma tana nan ba a taɓa ta ba: ko fanka ce ba ta tashi, ko fuskar lagireto ta toshe da ƙura da ƙwari, ko akwai yoyo. Fuskar lagireto da ruwa mara ƙarfi ake wanke ta, don injin wankin mota mai ƙarfi yana lanƙwasa siraran ƙarafanta. In allurar zafi ta haura kana tafe, ka kashe AC, ka gangara gefe, ka kashe inji. Kada ka taɓa murfin ruwan lagireto sai ya huce sarai, ruwan da ke ciki yana iya saɓule fatar hannu.

Game da fetur, lambar da ke cikin littafin motar ta ma'aunin Amurka ce, kuma 91 nasu ya yi kusan daidai da 95 a ma'aunin RON da ake amfani da shi a nan. Injin yana iya rage ƙarfinsa da kansa in fetur ɗin bai kai ba, amma mai turbo ba ya son a matsa masa a wannan hali. In ka taka totur a giya mai nauyi ka ji wani ƙas-ƙas kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, ɗaga ƙafarka. Ka riƙe gidan mai ɗaya ko biyu masu yawan ciniki, ka rabu da 'yan bumburutu. Waɗanda ke Abuja da Legas a Fabrairun 2022 ba su manta da fetur ɗin da aka shigo da shi mai yawan metanol ba, wanda ya kwantar da motoci da dama. Kuma kada ka saba barin tanki ya yi ƙasa da kwata, domin famfon mai a cikin fetur ɗin yake kwance, shi ke sanyaya shi.

Yanzu ga fitilar inji mai ruwan ɗorawa, wadda wasu ke liƙe wa baƙin salatif don kada ta dame su. Duk motar da aka sayar a Amurka tun 1996 tana da soket ɗin OBD2 a ƙarƙashin sitiyari. Ka mallaki ƙaramar na'urar karantawa da ke haɗuwa da wayarka, kuɗinta bai kai na taya ɗaya ba. Ka kunna wutar mota ba tare da tayar da inji ba, ka jona, ka karanta lambar, ka ɗauki hotonta kafin kowa ya goge. P0301 zuwa P0308 na nufin wata silinda tana tsallake wuta, lambar ƙarshe ita ce silindar. A nan akwai dabara mai sauƙi: in P0303 ta fito, a cire kwayil ɗin silinda ta uku a musanya shi da na ta huɗu, a goge, a zaga. In lambar ta koma P0304, kwayil ne ya mutu. In ta tsaya inda take, sai a duba filogi, bayansa nozul. Da wannan ka tsira daga sayen kwayil takwas saboda guda ɗaya. P0171 na cewa iska ta fi fetur yawa, sai a nemi tiyon da ya tsage ko a tsaftace na'urar auna iska. P0420 ta shafi matatar hayaƙin da ke cikin salansa, kuma sau da yawa a motocin tokumbo za ka tarar an riga an fasa an kwashe cikinta tun kafin ta iso gare ka. In fitilar a tsaye take, kana iya lallaɓawa zuwa gareji. In kuwa tana ƙyaftawa, ka tsaya, ɗanyen fetur ne ke shiga salansa yana ƙona matatar hayaƙin.

Tayoyin Mustang sirara ne a gefe, ramin titi ɗaya yana iya fito musu da ƙulu, kuma tayar da ta yi ƙulu ba ta da gyara. A jikin kowace taya akwai lamba huɗu a ƙarshen layin DOT: 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Wadda ta haura shekara shida, ko da zanenta bai sule ba, ba ta dace da motar da ke irin wannan gudu a kwalta mai zafi ba. Yawan iskar da za a sa yana kan takardar da ke manne a bakin ƙofar direba, kuma da safe ake aunawa kafin taya ta ɗau zafi. Ka sayi ma'auninka, na bakin titi ba kasafai yake faɗin gaskiya ba. A wasu GT tayoyin baya sun fi na gaba faɗi, don haka ba a juya su gaba da baya. Man birki kuwa DOT 4 ne, yana tsotsar danshi, kuma wanda ya sha danshi yana iya tafasa a wajen digiri 155 maimakon 230, birki ya yi laushi daidai lokacin da kake buƙatarsa. A canza shi duk shekara biyu.

Da yawa daga masu irin wannan mota sai ƙarshen mako ko ranar biki suke fito da ita, kuma zaman yana cin batir. Cikakken batir yana nuna bolt 12.6 in inji a kashe yake. Tayar da ita minti biyar a tsakar gida ba ya cika shi, sai dai ka fita da ita ka yi tafiyar rabin awa duk mako.

Da damina, ka tuna cikinta kusa yake da ƙasa. Tudun rage gudu a karkace ake hawansa, taya ɗaya bayan ɗaya. Ruwan da ya kai tsakiyar taya kuwa ba a shigar da ita cikinsa, ko da ka ga mai Hilux ya wuce. In ta mutu a cikin ruwa kada ka sake murɗa makulli. Ruwa ba ya matsuwa a cikin silinda, sandar fistin ce za ta lanƙwashe. A tura ta waje, a ɗora ta a motar ja, a cire filogi duka, a juya injin ruwan ya fita, sannan a canza bakin mai da filtar iska kafin a tayar.