Kada A Bar Gona Tsirara

Duk wanda ya bi hanyar da ta taso daga Birnin Kudu ta wuce Gwaram zuwa Basirka a tsakiyar rani, zai ga gonaki fayau, an kwashe kara, an ƙone ragowa, ba abin da ya saura sai rairayi da toka. Manomi yana ganin tsabta ce, alhali kuwa nan asara ke somawa. Rana ta gasa fuskar ƙasa, iskar hunturu ta kwashi lallausan ƙurarta, ruwan farko kuma ya sauko a kanta da ƙarfi, ya ɗebe abin da ya rage ya zuba a kwari. Maganin wannan ba baƙon abu ba ne. Shi ne a shuka abin da zai lulluɓe ƙasa, kuma a zaɓe shi da hankali daga cikin irin da muka saba da shi.

Na farko a zaɓi shi ne wake mai yaɗo, irin su kanannado, wanda ake shukawa tsakanin kunyoyin gero ko dawa. Ganyensa yana yi wa ƙasa inuwa, ya riƙe danshi, ya danne ciyawa. Amma babban aikinsa a ƙarƙashin ƙasa yake. Ka tumɓuke gindi ɗaya ka duba saiwarsa, za ka ga 'yan ƙulle-ƙulle kamar ƙwayar gero. Ka fasa ɗaya da farce; in cikinsa ja-ja ne, to wasu ƙananan halittu ne ke zaune a ciki suna ɗauko sinadarin naitirojin daga iska, wato abin da muke biyan kuɗi mu saya a buhun yuriya. Gyaɗa da waken suya ma haka suke. Waken suya yana da ƙarin amfani a gonar da ƙuduji ya kama: saiwarsa tana yaudarar irin ƙudujin ya tsiro, ya rasa dawar da zai maƙale wa, ya mutu. Masana na cibiyar IAR da ke Samaru da na IITA a Kano sun daɗe suna ba da shawarar a riƙa juya hatsi da waɗannan. Inda ƙasa ta yi sauƙi sosai, guna da kabewa suna rufe ta, ko da yake ba sa ƙara mata taki kamar dangin wake.

Na biyu shi ne abin da zai tsaya bayan an yi girbi. A nan gamba ce kan gaba. In aka dasa ta a kan iyaka da bakin kwari, saiwarta tana ƙulle ƙasa, ta tare ruwa, ta kuma ba da zana. A cikinta ne makwarwa da zabon daji suke fakewa su yi ƙwai, bushiya ma ta sami wurin kwana. Waɗannan ba 'yan cin banza ba ne. Fara da tsutsa da gara suke ci. Haka nan a bar gawo ya girma a gona, don shi da damina yake zubar da ganye, ba ya hana shuka rana. Manoman ƙasar Maraɗi, tun daga shekarun 1980, suka koma renon tohon itatuwa maimakon sare shi, abin da suke kira sassaben zamani, kuma gonakinsu sun shaida.

Wani zai ce gonarsa 'yar ƙarama ce, ba shi da wurin shuka abin da ba zai shiga rumbu ba. Ai shi ya sa muka ce wake da gyaɗa: a ci ƙwaya, a ba dabba harawa, ƙasa ta ci saiwa da ganyen da ya zuba. Wani kuma zai ce duhuwa tana tara ɓera da maciji. Akwai gaskiya a ciki, don haka a tsayar da gamba a gefen gona, nesa da gida da rumbu, kuma a daina kashe mujiya, don ita ce mai farautar ɓera da dare. Magana mafi nauyi ita ce ta dabbobi, cewa duk abin da aka bari shanu za su cinye. To, saniyar da ta ci a gona a nan take barin kashi, kuma wannan tsohuwar ma'amala ce tsakanin manomi da makiyayi. Wuta ce ke ci ba ta biya. Abin da ake bukata shi ne masu unguwanni da ardo-ardo su zauna su tsayar da lokacin sakin dabbobi, su kuma hana cinna wa daji wuta don farautar gafiya.

Saboda haka, ya kai manomi, bana ka gwada ko da a kashi ɗaya na gonarka. Ka sa wake tsakanin hatsi, ka dasa gamba a iyaka, ka yanke kara ka bar wani a kwance, kada ka kai masa ashana. In abin ya shige maka duhu, tuntuɓi malamin gona na hukumar JARDA. Ƙasar nan amana ce a hannunka, kuma 'ya'yanka ita za su noma. Allah Ya ba mu damina mai albarka.