Wasiƙa Zuwa Ga Ƙannena Masu Son Aikin Sakatare Daga Gida

Ƙannena maza da mata,

Na rubuto muku ne a kan sana'ar nan da ake ta tambayata, wadda mutum zai zauna a ɗakinsa a Kano ko Zariya ko Maraɗi yana yi wa wani ɗan kasuwa a Landan ko Dubai aikin sakatare ta intanet. Tambayar tana faranta mini rai. Saurayin da ya gama bautar ƙasa ya ƙi zaman jiran gawon shanu, da matar auren da ke son ta samu na kanta ba tare da ta bar gida ba, sun cancanci a gaya musu gaskiya tsagwaronta.

Aikin kansa ba wani abin tsoro ba ne. Za ka duba imel ɗin maigidanka ka ware mai muhimmanci, ka tsara masa ganawa a Google Calendar, ka sayo tikitin jirgi, ka shigar da lissafi a Excel, ka amsa wa abokan ciniki a WhatsApp, ka rubuta abin da aka yanke a taron Zoom. Darussan suna nan kyauta a YouTube, ga kuma shirye-shirye irin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023 don koyar da fasahar zamani. Duk mai naci zai iya. Abin da ya sa wasu ke daɗewa a sana'ar, wasu kuma a sallame su tun ba a je ko'ina ba, shi ne amana.

Ku duba da kyau. Mutumin da bai taɓa ganin fuskarki ba ya miƙa miki lambar sirrin imel ɗinsa. Kin shiga neman rasit ɗin otal, sai idonki ya faɗa kan takardar bashin da banki ke bin sa, ga sakamakon gwajin asibitin matarsa a ƙasanta. Ki ɗauki rasit ɗinki ki fita. Ko aminiyarki kada ta ji, balle ki ɗauki hoton fuskar kwamfutar don ki nuna wa duniya kina aiki da Turawa. Kai kuma, kada ka bar ƙaninka ya kalli ƙwallo a kwamfutar da sirrin mutane ke ciki. Nijeriya ta yi dokar kare bayanan jama'a a 2023, amma tun kafin dokar mun san hukuncin wanda aka ba ajiya ya ci.

Cika lokaci ma amana ne, kuma a nan ne da yawanmu ke faɗuwa. Idan maigidanka yana Niyok, ƙarfe tara na safiyarsa ƙarfe uku na yammarka ne a lokacin sanyinsu, ƙarfe biyu a lokacin zafinsu. Ke nan La'asar da Magariba da Isha'i duk a bakin aiki za su same ka, sai goma ko sha ɗaya na dare ka tashi. Idan na Landan ne, sallar Juma'a za ta faɗo a tsakiyar ranar aikinsa. Ka faɗa masa tun ranar farko, a rubuce, cewa ga lokutan da za ka tashi ka yi sallah. Mai hankali zai yarda. Abin da ba zai yarda da shi ba shi ne ya neme ka ya rasa, sai bayan awa uku ka ɓullo da "an ɗauke wuta".

Wuta da data kuwa matsalarka ce kai kaɗai. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 janareto ya fi ƙarfin mai ƙaramin jari, a Janairun 2025 kuma hukumar NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. Ka tanadi ƙaramar sola ko batirin ajiye caji, da layuka biyu na kamfanoni daban-daban, sannan ka sa kuɗinsu cikin farashinka.

Yanzu ga shawarar da na fi so ku riƙe. Kada ku fara da shafukan neman aiki irin su Upwork ko Fiverr. A Upwork sai ka sayi damar neman aiki da kuɗinka, ga 'yan Filifin da Indiya da Kenya da suka shekara suna tara shaidar yabo, kai kuwa shafinka fayau. Mai ba ka aikin farko yana kusa da kai. Hajiyar da ke sayar da atamfa da turaren wuta a Instagram, saƙonni sun taru mata har kwana biyu ba amsa, masu saye suna komawa wurin wata. Alhajin Kantin Kwari da lissafinsa ke cikin littafin da ya sha maiƙo. Lauyan da ke manta ranar ganawa. Ka je ka yi sallama, ka ce, "Alhaji, a ba ni wata ɗaya in tsara maka wannan." Ka karɓi abin da ya sawwaƙa a naira, ka yi aikin tsakani da Allah, sannan ka roƙi ya rubuta maka shaida. Da ita za ka tunkari na waje. Hausarka jari ce a nan, haka Larabcin wanda ya yi Islamiyya da kyau, haka Faransancin 'yan uwanmu na Nijar. Turanci dai sai an gyara shi, domin wasiƙar da za ka rubuta da sunan wani za ta fita.

Idan dala ta fara shigowa, a yi yarjejeniya a rubuce: aiki kaza, awa kaza, kuɗi kaza, ranar biya kaza. Kuɗin kan zo ta Payoneer ko Grey ko asusun dala na banki. Duk wanda ya ce ka biya kafin ya ba ka aiki, ɓarawo ne. Wanda ya ce ka ara masa asusunka, ko lambar BVN ko NIN, ko ya turo kuɗi ka tura wa wani ka cire kasonka, so yake ya sa ka a hannun EFCC shi ya tsira. Ina roƙonku da girman Allah, kada kwaɗayi ya kai ku nan.

Ku kuma zauna da iyaye, ke kuma da maigida, ku yi musu bayanin aikin dalla-dalla, ku nuna musu abin da kuke yi a kwamfutar. Idan sun fahimta ba za a aike ka cefane ana tsakiyar taro ba, kuma albarkarsu za ta bi ka.

Kafin makon nan ya fita, kowannenku ya zaɓi ɗan kasuwa ɗaya a unguwarsu ya je ya same shi. Allah Ya ba ku halal mai albarka, Ya tsare ku daga cin amana.

Wassalam,
Yayanku.