Tsutsar Kududdufin Kifi: Amfani ko Illa?

Wani mai sauraronmu daga Furfuri ta ƙasar Bunguɗu yana tambaya ko tsutsotsin da ya gani a kududdufin tarwadarsa suna da illa.

To Malam, sai ka duba irinsu. Jajayen nan ƙanana ƙazantar ƙasan ruwa suke ci, kifi kuma yana cin su, don haka ba abin tsoro ba ne. Amma in sun yi yawa, alama ce abinci yana ruɓewa, sai ka rage shi, ka sauya ruwa.

Matsattsaku kuwa jinin kifi yake sha, ya bar masa miki. Don kawar da shi, bayan ka kwashe kifi, ka busar da kududdufin, ka barbaɗa farar ƙasa. Allah Ya sa albarka.