Filin Shawara: Kawuna Ya Ce Murfin Baya Ne Ke Shanye Mana Fetur

Gwaggo, ni direba ne a Gyadi-Gyadi, ina jan a-kori-kurar kawuna, Hilux. Ina kai kaya Kura da Kwanar Gafan, sau da yawa in dawo babu komai a baya. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, Kawu ya dage sai in riƙa kwantar da murfin baya, wai yana tare iska, motar tana shan mai. Ni kuwa hankalina bai kwanta ba, don haka nake rufewa. Yanzu duk ranar da mai ya yi saurin ƙarewa, sai ya ce taurin kaina ne. Har ya fara yi mini kallon mai zuƙar fetur. Yaya zan yi?

Ɗanki daga Gyadi-Gyadi

Ɗana, rufewar da kake yi ita ce daidai, amma kada ka ga laifin Kawu. Duk wanda ya kalli murfin nan a tsaye zai ɗauka iska tana dukansa. Ba haka abin yake ba.

Ka taɓa lura da leda ko ɓawon gyaɗa a cikin bodi idan mota ta ɗauki gudu? Ba murfin suke zuwa su manne ba. Juyawa suke yi, su dawo wajen gilashin bayan direba, su tashi sama, su sake faɗowa. Iskar da ke cikin bodin ce take kewayawa kamar 'yar guguwa a kwance, ita kuma iskar da ta taso daga rufin mota sai ta bi ta samanta ta wuce. Da ka kwantar da murfin, wannan kewayen ya watse, iska ta faɗo cikin bodi, motar ta ƙara jin ja ta baya.

An gwada wannan. A 2004 injiniya Kevin Cooper na Majalisar Bincike ta Ƙasar Kanada ya fitar da sakamakon gwajin da aka yi a ɗakin hura wa motoci iska: kwantar da murfin ko cire shi ƙara ja yake yi, sa raga a madadinsa ma bai taimaka ba. Shirin talabijin na MythBusters a Amurka ya gwada da Ford F-150 biyu a 2005, mai murfi a rufe ita ta fi nisa.

Sai dai ka sani, bambancin kaɗan ne, kuma sai a doguwar hanya. Turjiyar iska tana ninkuwa huɗu idan gudu ya ninka biyu, saboda haka a Titin Zariya bayan ka wuce Na'ibawa ne take aiki. A cunkoson Court Road ko bakin Asibitin Malam Aminu Kano, inda kake tafiyar giya ɗaya da birki, murfin ba ruwansa. Can abin da ke cinye mai shi ne barin inji a kunne, fizgar totur da taya mara iska. Ga kuma abin da ya fi damuna: murfi a kwance ƙarfe ne da ya miƙo daidai gaban mai babur ko ɗan adaidaita sahun da ke binka a baya.

Maganar zargin ce ba na so ka bari ta kwana. Kada ka je masa da cewa ka fi shi sani. Ka same shi bayan la'asar, ka ce, "Kawu, ina so mu gwada, don hankalinka ya kwanta." Ku cika tanki a gabansa, ya rubuta lambar mita da hannunsa, ka je Kura ka dawo da murfi a rufe, ku sake cikawa a famfo ɗaya. Washegari ku maimaita da shi a kwance, gudu iri ɗaya, babu kaya. Kafin nan ka biya wajen mai faci ya auna tayoyin huɗu, bakanike kuma ya duba ko akwai inda mai ke yoyo. Daga yau duk man da ka sha, ka karɓi rasit ka miƙa masa tare da mukulli.