Darasi: Kwamfuta Ba Ta San Ka Ba, Sai Abin da Aka Rubuta Mata

In ka zauna a tashar jiragen ruwa ta Yelwan Yauri ran kasuwa, ko a teburin mai shayi a Wara, ko a majalisar dattawa a Shanga, aka ɗauko zancen kwamfuta, kowa da abin da zai faɗa. Wani ya ce kayan 'yan boko ne, ina ruwan masunci da ita. Wani ya ce ƙofar 'yan damfara ce, tun da ta zo kuɗin mutane ke ɓacewa daga banki. Samari kuwa musunsu dabam ne, wace waya ta fi wata. Can sai wani ya rufe gardamar da cewa, "Ai kwamfuta ba ta ƙarya." Kowace magana tana da ƙamshin gaskiya, amma ba wadda ta cika. Bari mu bi su a hankali, domin abin ya shafi kuɗinmu da sunanmu da karatun 'ya'yanmu.

Mece ce kwamfuta?

Kwamfuta na'ura ce da ake ba bayani, ta ajiye shi, ta yi lissafi a kansa, ta fito da sakamako. Kashi biyu gare ta. Akwai jiki, wato abin da hannu ke taɓawa, kamar gilashin da rubutu ke fitowa, da madannai, da batir. Akwai kuma manhaja, wato umarnin da mutane suka rubuta suka zuba mata. Ba a taɓa manhaja da hannu, amma in babu ita jikin ba ya iya komai. Windows manhaja ce ta kamfanin Microsoft, wanda Bill Gates da Paul Allen suka kafa a Amurka a 1975. Android, wadda ke tafiyar da yawancin wayoyin shafa da ke hannunmu, ta kamfanin Google ce. WhatsApp ma manhaja ce.

Kwamfutocin farko, na shekarun 1940, ɗaya kan cika ɗaki guda. A 1981 kamfanin IBM ya fito da ƙarama ta ɗorawa a tebur, ofisoshi suka yi ta saye. Yau wayar shafa da ke aljihunka ta fi waccan ƙarfi nesa ba kusa ba. Ita ma kwamfuta ce, an dai ƙanƙance ta ne.

To, wanda ya ce ba ruwansa da kwamfuta, a tambaye shi ko ya taɓa cire kuɗi wurin mai POS. Wannan 'yar na'urar kwamfuta ce. A farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, da takardun naira suka yi wuyar samu, mai kifi da mai albasa dole suka karɓi kuɗi ta waya, ko kaya su lalace a hannu. A zaɓen 2023 na'urar BVAS ce ta tantance yatsa ko fuskar mai zaɓe. Tun 2015 kuma, duk ɗalibin da zai rubuta jarrabawar JAMB a gaban kwamfuta yake zama. Wayar salula ta fara bazuwa a Najeriya ne a 2001, amma ga shi yau ta shiga har cikin kwale-kwale.

"Ba ta ƙarya"

Nan ne zan fi daɗewa, domin wannan maganar ce ta fi cutar da mutanenmu, ga ta kuwa kamar yabo.

Gaskiya ne kwamfuta ba ta kuskuren lissafi yadda mutum ke yi, ba ta kuma mantuwa. Amma ba ta san ka ba. Ba ta san mahaifinka ba, ba ta san garinku ba. Abin da mutum ya buga mata, shi take riƙewa, daidai ne ko kuskure. In an rubuta mata kuskure, za ta yi ta maimaita shi shekara da shekaru, ba kunya ba tsoro.

Dubi yadda abin ke faruwa. Dattijo ya taso daga ƙauye da sassafe, ya biya kuɗin jirgi, ya iso wurin rajistar katin ɗan ƙasa. Layi ya yi tsawo, rana ta take. Da aka zo kansa, yaron da ke bugawa ya ce, "Baba, sunanka?" Ya ce Garba. "Sunan mahaifi?" Ya ce Mamman. Aka buga, aka ɗauki hoto da yatsu, ya koma gida. Alhali a banki, shekarun baya, Abubakar Muhammad aka rubuta masa. Ni da kai mun san Garba shi ne Abubakar, Mamman shi ne Muhammad. Kwamfuta ba ta san haka ba. A wurinta mutum biyu ne dabam. Ko Muhammad da Mohammed ma ba ɗaya ba ne a gare ta, tun da harufan sun bambanta.

Ranar haihuwa ita ma haka. Da yawa daga dattawan da aka haifa a gungu da ƙauyukan bakin kogi, kafin ruwan madatsar Kainji ya tashi mutane a 1968, ba su da takardar haihuwa. Sai mutum ya faɗi wata shekara a nan, ya faɗi wata a can. Da can ba wanda ya damu, domin takardar wannan ofis ba ta haɗuwa da ta wancan. Yanzu suna haɗuwa. An fito da lambar BVN ta banki a 2014. A Disambar 2020 gwamnati ta ce dole a haɗa kowane layin waya da lambar NIN ta katin ɗan ƙasa. Ɗalibi ma ba ya rajistar JAMB sai da NIN. In suna ko ranar haihuwa suka saɓa, ana iya riƙe asusu, ko yaro ya sha wahala wajen shiga makaranta. Gyaran kuwa sai an biya kuɗi, an yi sintiri, wani lokaci har da takardar rantsuwa daga kotu.

Maganin abin mai sauƙi ne, kuma a hannun mai karatu yake. Zaɓi yadda za a rubuta sunanka sau ɗaya, da ranar haihuwa ɗaya. Rubuta su a takarda da manyan harufa, ka riƙa tafiya da ita. In an gama bugawa, kafin a tura, ka ce, "Malam, don Allah juyo mini da gilashin in gani." Haƙƙinka ne, ba rashin kunya ba ne. Bi harufan ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Uwa ma in ta kai ɗanta rajista, ta tabbata sunan da aka buga shi ne wanda ke takardar makarantarsa. Minti biyu na dubawa sun fi wata shida na gyara. Ina ganin ko don wannan kaɗai, zaman da kake yi a ajin yaƙi da jahilci ya biya.

'Yan damfara

Mai cewa kwamfuta ƙofar 'yan damfara ce bai yi ƙarya ba, kuɗi na ɓacewa. Sai dai galibi ba banki ɓarawon ke fasawa ba, mai asusun yake yaudara har ya ba da sirrinsa da bakinsa.

Lambobin da kake da su ba darajarsu ɗaya ba. Lambar asusu guda 10 ce, ita kake ba wanda zai turo maka kuɗi, ba laifi. BVN da NIN kowace guda 11 ce, ba a ba da su sai a banki ko ofishin da ka je da ƙafarka. Lambar sirri ta katin cirar kuɗi, mai guda 4, ba a gaya wa kowa. Haka 'yar lambar da banki ke turowa ta saƙo lokacin da ake shirin fitar da kuɗi. Wani zai kira ka da murya mai daɗi, ya ambaci cikakken sunanka, ya ce, "Alhaji, daga banki ne, za a rufe asusunka yau, karanto mini lambar da ta shigo yanzu." Kashe wayar. Banki ba ya neman wannan lambar ta waya. In hankalinka bai kwanta ba, je banki da kanka.

A wurin mai POS, kai za ka danna lambarka, ka kare da ɗaya hannun. Wanda bai iya karanta lambobi ba shi ke miƙa kati ya faɗi sirrinsa a gaban jama'a. Sifili zuwa tara ne fa duka-duka, ka riga ka koye su.

Mai sayar da albasa ko busasshen kifi ga baƙi, ya kula da alat na bogi. Saƙo na iya shigowa wayarka yana cewa kuɗi sun shiga, alhali ba banki ne ya turo shi ba. Kada a ɗora buhu a mota sai ka duba ragowar kuɗin asusunka ka ga sun ƙaru. In kuma waya ta ɓace ko ta faɗa hannun ɓarawo, a rufe layin da asusun a ranar, kada a kwana, domin wanda ya riƙe layinka yana iya kaiwa ga kuɗinka.

In za ka saya

Musun samari kan wace waya ta fi ba ya ƙarewa. Tecno da Itel da Infinix duk na kamfani ɗaya ne, Transsion na ƙasar Sin. Sun karɓu a wurinmu saboda sauƙin kuɗi, da layi biyu, da batir mai jimiri. iPhone ta kamfanin Apple ce, tana da inganci, amma da tsada, gyaranta ma da tsada. A ganina, mutumin Yauri ya fara tambayar batir kafin suna. Madatsar Kainji na kusa da mu, amma wuta ba kullum take zama ba, kuma mai kwana a kan ruwa ba shi da inda zai yi caji. Sai kuma ya tambaya ko akwai mai gyaranta a Yelwa, ko sai an kai ta Kano.

Mai shago zai ambata maka lambobi biyu, misali giga 4 da giga 64. Babbar ita ce ma'ajiya, ƙaramar ita ce wurin aiki, wadda suke kira RAM. Ma'ajiya kamar rumbu take, RAM kuwa kamar tabarmar shanya ce. Komai girman rumbu, in tabarmar ƙarama ce, kaɗan-kaɗan za ka riƙa shanyawa. Shi ya sa waya mai ƙaramar RAM ke nauyi in an buɗe abubuwa da yawa.

Kwamfutar cinya ta hannu, irin wadda ake kawowa daga kasuwar Computer Village ta Ikeja ko Farm Centre ta Kano, tana iya yi wa ɗalibi aiki sosai. Amma araha ba ta ado. Cire ta daga wuta a gaban mai shago, ka ga ko batirin zai riƙe. Danna kowane madanni. Karɓi rasit. Ka sani kuma kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, saboda haka tambayi mai shagon ko na'urar za ta ɗauki Windows 11. In ka kai ta gida, ƙurar hunturu da zafi da ruwa su ne abokan gabanta. Kada a ɗora ta kan katifa tana aiki, ƙofofin iskarta za su toshe.

Na kyauta

Mutane na mamaki, ta yaya WhatsApp da Facebook ke aiki ba a biyan su? Kamfanin Facebook, wanda ya koma Meta a 2021, ya sayi WhatsApp a 2014 kan dala biliyan 19. Ba wanda zai zuba irin wannan dukiya don sadaka. Akasarin kuɗin kamfanin daga talla suke zuwa. Yana lura da abin da kake kallo a Facebook, ya nuna maka tallan da ya dace da kai, masu tallan su biya shi. Kai kuma kana sayen data, kana ba da lokacinka.

Wannan ciniki ne, mutum na iya yarda da shi ido buɗe. Wanda nake gargaɗi a kai shi ne wasu manhajojin ba da rance. Suna neman izinin ganin lambobin da ke wayarka. Ran da ka makara biya, sai su tura saƙon tozarci ga surukinka da limamin unguwarku. Duk manhajar da ta nemi izini, karanta kafin ka danna. In da Turanci ne, sa wanda ka amince da shi ya fassara maka.

Hausa ta samu shiga. Manhajar fassara ta Google ta ɗauke ta a 2013, Facebook kuma a 2016. Ana iya saka allon rubutu na Hausa a waya, ɓ da ɗ da ƙ su fito. Gunganci da Kambarci da Shanganci ba su samu wannan gatan ba tukuna, kuma ba za su samu ba sai masu harsunan sun yi ta rubuta su. Saƙon murya ya taimaki wanda bai yi karatu ba, yana gaisawa da ɗansa da ke Legas. Amma rasit ɗin POS da saƙon banki da takardar NIN duk a rubuce suke zuwa.

Aikin gida

Ɗauko takardar NIN ɗinka da wata takarda ta banki mai ɗauke da sunanka. Kwafi sunan da ke kan kowace a littafinka, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya. Ƙirga harufan. In ka ga bambanci, ja masa layi, ka nuna wa malami a darasi mai zuwa. Sunan kawai za ka kwafa, kada ka rubuta lambobin a littafin aji.