Kayan Zaƙin Sallah Ba Suya Ba Gashi: Shawarwari ga Uwargida da Yaranta

Ranar jajibirin Sallah, a yawancin gidajenmu madafi wuri ne da yaro bai isa ya leƙa ba. Ga kaskon mai yana tafarfasa ana suyar cincin da dubulan, ga tukunyar miya a gefe, uwargida kuma ba abin da take maimaitawa sai "ku fita kada ku ƙone." Tana da gaskiya, domin ƙunar mai ba abin wasa ba ce. Sai dai abin da ke biyo baya shi ne yara su tashi ba su iya haɗa komai ba, sannan su kwashe kwanakin Sallah suna zuba alewa da biskit da lemon kwalba da kuɗin da suka samo a yawon Sallah. Alhali muna da kayan zaƙin da ba sa bukatar komai sai turmi da taɓarya da tafin hannu, waɗanda yaro ɗan shekara huɗu ma yana da aikin yi a cikinsu. Ga shawarwari ga mai son gwadawa a Sallar bana.

1. Ki gama aikin wuta tun yara ba su shigo ba. Gyaɗa da aya da riɗi suna son a ɗan soya su ba mai kafin a daka, to wannan aikinki ne ke kaɗai, kuma a daren da ya gabata. Ki rege riɗi ki fitar da yashi, ki shanya ya bushe, ki zuba a busasshen kasko kina juyawa har ya fara tsalle yana ƙamshi. Idan lokaci ya ƙure, ki sayi gyaɗa amaro. Da safe komai ya huce, sai ki shimfiɗa tabarma a tsakar gida, nesa da murhu.

2. Kada ki raina tsinta. A ganina nan ne lafiyar abin take, kuma nan ne aka fi yin gaggawa. Gyaɗar da aka adana da danshi takan yi funfuna, funfunar kuma tana fitar da wata guba da ake kira afulatoksin, wadda ke illa ga hanta, kuma an danganta ta da tsumburewar yara. Suya ba ta kawar da ita baki ɗaya. Saboda haka duk ƙwayar da ta yamutse, ko ta sauya launi, ko ƙwaro ya huda, ko ta yi ɗaci a baki, a zubar da ita. Kada a ce asara ce a mayar cikin turmi. Ki baje gyaɗar a faifai ki nuna wa yara mai kyau da marar kyau, ki bar su su tsince. Idon yaro ya fi na babba kaifi a irin wannan aiki, kuma darasi ne da zai bi shi har girma.

Haka dabino. Kowane ɗaya a tsaga shi gida biyu, a cire ƙwallo, a duba cikinsa, saboda ƙwari da ƙwayayensu a jikin ƙwallon suke ɓuya. Aya kuwa tsakuwa ce matsalarta, kuma tsakuwa ɗaya ta isa ta fasa haƙori.

3. Ki bar dabino ya yi aikin sukari. A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abincinsa a yini, idan ma an sauko ƙasa da kashi 5 ya fi. Kashi 5 ɗin nan ga babban mutum kusan giram 25 ne, wato cokalin shayi 6. Na yaro bai kai haka ba. Galibin lemon kwalba kuwa yana ɗauke da kimanin giram 10 a kowane mililita 100, ke nan kwalba ɗaya ta wuce wannan awo tun yaro bai taɓa alewa ba.

Dabino shi ma zaƙi ne, kusan kashi biyu cikin uku na nauyinsa sukari ne, ba zan ɓoye miki ba. Bambancin shi ne yana zuwa da harza mai taimakon hanji da sinadarai irin su fotashiyam, kuma idan aka haɗa shi da gyaɗa yana ƙosarwa. Yaron da zai shanye alewa goma bai ji komai ba, da wuya ya wuce dunƙule biyu ko uku na dabino da gyaɗa.

Ga yadda ake yi. Ki auni gwangwani 2 na dabinon da aka cire wa ƙwallo, da gwangwani 1 na soyayyar gyaɗa da aka murje aka sheƙe ɓawonta. Idan busasshen dabino ne irin wanda ake kawowa daga Agadas, ki jiƙa shi a ruwan ɗumi kamar rabin awa, ki tsane shi sosai. Mai laushi, irin wanda yakan ragu bayan azumi, ba ya bukatar jiƙo. A fara daka gyaɗar sama-sama a kwashe, a kirɓa dabinon har ya haɗe, sannan a mayar da gyaɗar da ɗan garin citta ko kirfa da gishiri ɗan kaɗan, a ci gaba da kirɓawa har ya kama jikinsa. Daga nan aikin yara ne: a shafa musu ɗan man gyaɗa a tafin hannu, su gutsura su mulmula, su mirgina a cikin riɗi ko gogaggiyar kwakwa. Idan ya yi ruwa ki ƙara gyaɗa, idan yana wargajewa ki ƙara dabino. Wani zai fito a karkace, wani ƙato, wani ɗan mitsitsi. Ki ƙyale su haka, kada ki bi bayansu kina gyarawa, domin yaron da aka sake mulmula nasa a gabansa ba zai ƙara miƙo hannu ba.

4. Ki dawo da dakuwa gida. Yara da yawa a birni a tiren masu talla kawai suka san ta, ba su taɓa ganin an yi ba. Soyayyar aya ake dakawa a tankaɗe, a haɗa garin da dakakkiyar gyaɗa, a sa citta da ɗan barkono ga mai so, a kirɓa har man gyaɗar ya fito ya haɗe su, sannan a cura. Wasu gidajen kan ƙara garin soyayyen gero ko masara don auki. Aya tana da nata zaƙin, don haka ki ɗanɗana tukuna kafin ki ɗauko gwangwanin sukari; sau da yawa dabino biyar ko shida a turmin sun wadatar. Dakan aya akwai wuya, gaskiya, kuma ba laifi ba ne ki kai inji a niƙo miki garin, ki bar wa yara kirɓi da curi. Na ƙananan yara a cire kafin a sa barkono.

5. Kowa da aikinsa daidai ƙarfinsa. 'Yan shekara uku zuwa huɗu su mulmula, su barbaɗa riɗi, su jera a tire. 'Yan biyar zuwa bakwai su cire ƙwallon dabino, su yi awo da gwangwani, su ƙirga dunƙule nawa aka samu. Daga takwas zuwa sama su karɓi taɓarya, su goge kwakwa kina kallon yatsunsu. Wuƙa da blanda suna hannunki ko hannun babbar yayarsu.

Ina roƙon iyaye mata kada a ware maza a ce su je waje su yi ƙwallo, wannan aikin 'yan mata ne. Namijin da ya iya tsintar gyaɗa da wanke turmi ba abin da ya ragu a jikinsa, kuma watarana makaranta ko neman abinci za su kai shi inda ba uwa ba ƙanwa.

6. Hannu kafin turmi. Wannan abin ba zai hau wuta ba bayan an taɓa shi, don haka duk abin da ke hannun yaro cikin ciki zai tafi. A yanke farce, a wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20, a wanke turmin da aka daka yaji ko daddawa a ciki ya bushe. Yaron da ke zawo ko mura ya huta yau. A kuma ba kowa ɗan nasa na ɗanɗano a gefe, don kada a lashi yatsa a mayar cikin kwano.

7. Ki tanadi abin sanyi, shi ne zai raba su da lemon kwalba. A 'yan shekarun nan ƙaramar Sallah tana faɗowa ne a watan Maris ko Afrilu, tsakiyar zafi, lokacin da mangwaro ya fara cika kasuwa. Ki fere nunannen mangwaro, yara su dame shi da kindirmo marar sukari, a zuba a ƙananan kofuna, a tsayar da ƙaramin cokali a tsakiyar kowanne, a sa a firiza. Da yamma kowa ya zaro nasa ya riƙe da cokalin. Ayaba ma tana yi, kankana kuwa yanka ta kawai za a yi a sanyaya.

Garin 'ya'yan kuka, wanda ake kwalba da nono da shi, yana da bitamin C mai yawa, kuma jiƙa shi kawai ake yi a tace. Tsamiya ma jiƙa ta kawai ake yi a tace. Zoɓo ne ke son tafasasshen ruwa, sai ki jiƙa shi da dare. Dukkansu suna da tsami, kuma tsamin ne ke sa a yi ta zuba sukari ba awo. Ki markaɗa jiƙaƙƙen dabino ko abarba ki tace a ciki, idan bai isa ba ki ƙara sukari da cokali kina ƙirgawa. Ruwan da za a yi amfani da shi ya zama wanda kika amince a sha, nonon kuma wanda aka tafasa madararsa kafin a kwantar. Kunun aya ba ya jure zafi: a yi shi da safe a shanye a ranar. Idan an ɗauke wuta har ƙanƙarar nonon ta narke ta yi ɗumi, kada a sake daskarar da ita a ba yara.

8. A kula da na goye da masu rarrafe. Jaririn da bai cika shekara ɗaya ba, ba a ba shi zuma ko da lasa ce, saboda tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da hanjinsa bai kai ya yaƙa ba, wadda ke sanyaya jiki har ta taɓa numfashi. Na san al'ada ce a gidaje da yawa, amma a haƙura har ya shekara. Yaron da bai kai shekara biyar ba kuma kada a ba shi gyaɗa ko aya ƙwaya-ƙwaya, ko dabino da ƙwallonsa, don gudun shaƙewa. Nasa a daka ya yi laushi, a lallatsa shi ya yi faɗi maimakon a mulmula, ya kuma ci a zaune, ba yana gudu ba. Akwai yaran da jikinsu ba ya karɓar gyaɗa ko riɗi. Idan bayan ci kika ga leɓe ko fuska sun kumbura, ko jiki ya yi borin jini, ko numfashi yana sarƙewa, ba jiƙo ba jira, a tafi asibiti nan take. Idan 'ya'yan baƙi ne, ki tambayi uwarsu kafin ki miƙa.

9. Bayan abinci, ba kafinsa ba. Dunƙule biyu bayan tuwo ko shinkafar Sallah sun isa yaro. Dabino yana manne wa haƙori kamar yadda alewa take yi, don haka a kurkure baki da ruwa bayan an ci, a kuma goge haƙora kafin barci.

10. Ajiya da rabo. Dakuwa da dunƙulen busasshen haɗi suna yin kwanaki a mazubi mai murfi, a wuri mai sanyi inda tururuwa ba ta kaiwa. Wanda aka yi da jiƙaƙƙen dabino ko ɗanyar kwakwa kuwa yana saurin tsami, sai a firji, ko a yi daidai wanda za a cinye cikin kwana ɗaya ko biyu. Tun a tire ki sa yara su ware kason kakanni da na maƙwabta, su ɗauka da kansu su kai tare da abincin Sallah. Yaran unguwa da za su yi sallama suna barka da Sallah, a miƙa musu wannan a maimakon alewar leda. Idan Hajiya kaka ta tambayi wa ya yi, ki yi shiru ki bar su su amsa.

Uwargida, ba sai kin yi duka a Sallah ɗaya ba. Ki sayi dabino da gyaɗa tun saura mako guda, kafin kasuwa ta cika farashi ya tashi, ki fara da na uku a jerin nan.